Kurakuran mai sayen ƙaramar karaban karo na farko a Ingila

Da zarar lokacin zafi ya kama a Birtaniya, hanyoyin Cornwall da Wales sukan cika da motoci masu jan karaban, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gadonsa da murhunsa. 'Yan uwanmu mazauna can ma sun fara ɗanɗanawa. Inda aka fi yin tuntuɓe kuwa, wajen nauyi ne.

Mutum zai shiga ya ga labule da kujeru, ransa ya biya, ya zube kuɗi, sai daga baya ya gane motarsa ba ta isa ba. A jikin karaban, galibi kusa da ƙofa, akwai ɗan allo mai lambobi. Wadda ke gaban MTPLM ita ce iyakar nauyinta har da kaya. Ƙungiyoyin masu karaban na Birtaniya suna ba sabon hannu shawara kada lambar nan ta wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa ba kaya. Idan motarka kilo 1,400 ce, nemi wadda ba ta haura 1,190 ba. Wannan shawara ce. Abin da doka ta kama shi ne iyakar jan da kamfanin motar ya rubuta. Tun 16 ga Disamba 2021, mai lasisin mota a Ingila yana iya jan tirela har kilo 3,500 ba sai ya sake gwaji ba, amma fa lasisi ne ya yarje maka, ba injin ba.

Sai lodi. Ƙaramar karaban ba ta cika ɗaukar kayan da suka wuce kilo 150 ba. Saka batir da tukunyar gas da rumfa, ka ƙara na'urar da ke gungura ta da rimot, mai kusan kilo 30, ka ga rabi ya tafi. Mu kuma ba ma tafiya sai da buhun shinkafa da manyan tukwane! Waɗannan a bar su a but ɗin mota. Abin da ya zama dole ya shiga, mai nauyi a ajiye shi ƙasa, daidai saman tayoyi. Wanda ya jibga kaya a baya, da babbar mota ta gifta shi zai ji karaban tana kaɗa masa wutsiya. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota, inda ake maƙala karaban, ya kamata ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban, muddin bai wuce abin da motar ta yarda ba. Sikelin banɗaki da guntun katako sun isa a auna. A kuma zubar da ruwa kafin a tashi, kowace lita kilo guda ce.

Mai sayen ta hannu, babban abokin gabarsa danshi ne. Idan ka shiga ka ji ƙamshin turare ya yi yawa, to ka sa ayar tambaya. Danna bango a kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi, ka tafi da na'urar auna danshi. Abin da ya haura kashi 20 yana buƙatar idon gwani. Lambar nan mai harafi da adadi 17 da ke jikin tagogi, a bincika ta a CRiS, rajistar karaban ta Birtaniya, wadda ke aiki tun 1992, don kada a sayar maka da ta sata ko mai bashi a kai.

Taya kan yaudari mutane, domin zanenta bai cinye ba amma ta tsufa a tsaye. Duba lambobi huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ta kai shekara biyar, a canja.

Gas ɗin butan ba ya tashi idan sanyi ya kusa sifiri, furofan ne na hunturu. Butar lantarki ta gida mai kilowat 3 tana jan amp 13, alhali wasu sansanonin da masu karaban ke sauka 10 kawai suke bayarwa. Na'urar gano hayaƙi mai guba da ƙarin madubin gefe kuwa kada a tashi babu su. Iyakar gudun mai jan karaban mil 60 ne a awa a babbar hanya, 50 a mai hannu biyu da ba a raba ba.

Kafin tafiyar farko, nemi filin ajiye motoci da ba kowa ka koyi ja da baya: ka murɗa sitiyari dama, ita ta nufi hagu.