Yadda Ake Haɗa Lambar QR ta WhatsApp Don Shago

Masu shaguna a Babbar Kasuwar Katsina da Ƙofar Ƙaura sun sha tambayar yadda ake haɗa lambar QR, wato hoton nan mai murabba'i da mai saye zai ɗauka da kyamarar waya ya shiga WhatsApp ɗin shago kai tsaye. Ga shi, kuma ba a biyan ko sisi.

1. Buɗe WhatsApp Business a wayar da ke ɗauke da layin shago.

2. Taɓa ɗigo ukun da ke sama ta dama, ka shiga saiti.

3. Danna ƙaramar alamar QR da ke gefen sunanka.

4. Adana hoton lambar a waya.

5. Tura wa mai firinta a matsayin fayil.
Hattara: idan aka tura shi kamar sauran hotuna, WhatsApp na matse shi ya dusashe.

6. Ka ce a buga baƙi a kan fari. Launin gwal a kan jan kwali yana da kyau a ido, amma kyamara na shan wuya kafin ta karanta.

7. Auna girman da tazarar mai ɗauka: santimita 10 ga wanda zai tsaya mita ɗaya. Ta jikin leda ko kati kada ta gaza santimita 2.

8. Bar farin fili kewaye da ita. Nan aka fi yin ɓarna, a yanke takarda dab da baƙin.

9. Gwada da wayoyi biyu, har da mai raunin kyamara, kafin a buga da yawa.

10. Sa a yi mata lamineshan saboda ƙurar hunturu, ka manna inda rana ba ta ƙyalli.

Kada ka taɓa wurin sabunta lambar bayan bugu. Kana sabuntawa, duk takardun da ka raba sun daina aiki.