Yadda na warware ∫ sin²x dx daga 0 zuwa π

Kwana biyu tambayar nan ta hana ni sakat, har cikin danfo daga Agege zuwa Yaba ina ta juya ta a raina.

Na fara da sauyi, u = sin x, amma du yana buƙatar cos x dx, babu shi a tambayar. Na koma dabarar raba lissafin gida biyu (integration by parts), sai ∫ cos²x dx ya fito. Da na maimaita, na dawo inda na faro.

Abin da ya yi aiki shi ne ƙa'idar ninkin kusurwa: cos 2x = 1 − 2sin²x. Na juya ta, sin²x = (1 − cos 2x)/2. Murabba'in ya tafi ke nan. Intigiral (∫) na 1/2 ya ba da x/2, na cos 2x kuma (sin 2x)/2; kar a manta da rabawa da 2 ɗin nan, ni sau ɗaya na manta. Sakamako: x/2 − (sin 2x)/4. Da na saka π da 0 a madadin x, sin 2π da sin 0 duk sifili ne, amsa π/2, wajen 1.571.

Da na gwada a kalkuleta sai ta ba ni wata lamba daban. Ashe tana kan digiri. Na mayar da ita radiyan, suka dace.

Alhamdu lillahi, na gode wa ɗan ajinmu da ya tuna min ƙa'idar.