Yadda Ake Tantance Sahihancin Lissafin Kwamfuta a Kan Sassa Marasa Kauri

Injiniyan da ya saba da lissafin ginshiƙai da tubala masu kauri yakan sha mamaki ranar da ya koma kan fallen ƙarfe, ko bangon tanki, ko jikin jirgin sama, domin manhajar da ba ta taɓa ba shi kunya ba tana iya fitar masa da lamba mai kyan gani wadda ta yi hannun riga da gaskiya. Hanyar da aka fi bi ita ce a yanka abin zuwa ƙananan gutsattsari, a haɗa su kamar raga, kwamfuta ta warware lissafinsu. Abin da ke damuna shi ne, a kan abu marar kauri kuskuren wannan hanya yakan karkata gefe ɗaya, ya nuna abin ya fi ainihin taurinsa, nan ne kuwa haɗarin yake.

Kafin ka buɗe manhaja, ɗauki takarda ka yi lissafin hannu. Taurin falle wajen lanƙwasawa yana tafiya ne da kaurinsa ninki uku a kansa, wato kauri sau kauri sau kauri, saboda haka idan ka shigar da milimita 2.0 alhali abin da ya fito daga masana'anta 1.8 ne, taurin gaskiya ya ragu da kimanin kashi 27 cikin 100 tun kwamfuta ba ta yi komai ba. Haka ma madogara. Falle mai kusurwa huɗu daidai wa daida da aka shimfiɗa wa nauyi ko'ina, idan gefunansa ajiye kawai suke a kan madogara, tsakiyarsa tana rankwafawa fiye da ninki uku na wanda aka ɗaure gefunansa tam, domin ma'aunin rankwafawar na farko a lissafin hannu 0.00406 ne, na biyu kuwa 0.00126. Walda da kusoshi na gaskiya suna tsakanin waɗannan biyun, don haka ka gwada duka biyu ka ga iyakokin amsarka.

Sai zaɓen irin gutsuren da za ka yi aiki da shi, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Ƙa'idar da masanin kimiyya Kirchhoff ya kafa a 1850 ta ɗauka cewa layin da ya ratsa kaurin falle a tsaye yana nan a tsaye bayan lanƙwasawa, wannan kuwa ya dace idan kauri bai wuce kimanin ɗaya bisa ashirin na faɗi ba. Reissner a 1945 da Mindlin a 1951 sun bar wa layin damar gocewa kaɗan, kuma yawancin gutsattsarin manhajojin yau a kan wannan aka gina su. Sai dai idan fallen ya yi siriri ƙwarai, gutsure mai sauƙin tsari ba ya iya lanƙwasawa ba tare da ya ƙirƙiro gocewar ƙarya ba, gocewar nan ta shanye ƙarfin da ya kamata ya tafi ga lanƙwasawa, sai ragar duka ta sandare. Gwajin gano wannan ba shi da wuya. Ka zana siririn falle da aka kafe bakinsa ɗaya, ka rataya nauyi a ɗaya bakin, ka mai da kaurinsa ɗaya bisa 10 na tsawo, sannan bisa 100, sannan bisa 1000, kowane karo kana kwatanta rankwafawar da lissafin hannu. Gutsure nagari zai riƙe amsarsa kusa da ta hannu, mai sandarewa kuwa amsarsa za ta yi ta ƙanƙancewa idan aka kwatanta da ta hannu har ta kusa ɓacewa.

Maganin da Zienkiewicz da Taylor da Too suka kawo a 1971, wato rage wuraren da ake auna ƙarfi a cikin gutsure, yana kawar da sandarewa amma yana iya haifar da kishiyarta, inda ragar ke karkacewa kamar haƙoran zarto ba tare da wani ƙarfi ya hana ta ba. Ka ƙara girman hoton sakamakon sosai ka duba da idonka. Gutsuren MITC4 na Dvorkin da Bathe, na 1984, an tsara shi ne don ya kauce wa matsalolin biyu. Idan abin naka mai lanƙwasasshen jiki ne, ka gwada manhajar da matsalolin da MacNeal da Harder suka tattara a 1985, musamman matsalar lanƙwasasshen rufi ta Scordelis da Lo, wanda amsarsa sananniya ita ce rankwafawar 0.3024 a tsakiyar gefensa da ba shi da madogara.

Bayan haka ka tace ragar aƙalla sau uku, kana raba girman gutsure biyu kowane karo, ka lura ko tazarar amsoshin tana raguwa. A bangon tanki, lanƙwasawar da ke kusa da walda ko gindi tana mutuwa cikin ɗan gajeren zango. Idan daga tsakiyar tankin zuwa bangonsa milimita 1000 ne, kauri kuma 4, ninka su ka sami 4000, ka nemi lambar da in an ninka ta a kanta za ta ba da haka, wato kimanin milimita 63, wanda shi ne ma'aunin wannan zangon. Gutsattsarin wurin dole su fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Amma a kusurwa mai kaifi ko inda aka ɗora nauyi a ɗigo ɗaya, matsin zai yi ta hawa duk yadda ka tace, don haka kada ka karanta amsa a nan. Siffar gutsure ma abin lura ce. Gindin kankare na dandamalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nitse a Nowe ranar 23 ga Agusta 1991, kuma bincike ya gano cewa karkatattun gutsattsari a mahaɗar bangwayen kankare sun sa lissafi ya nuna ƙarfin gocewa da ke aiki a kan bangwayen ƙasa da ainihinsa da kusan kashi 47 cikin 100.

Idan rankwafawa ta kusa rabin kauri, lissafin da ke ɗauka siffar abu ba ta sauyawa ya daina aiki, sai ka kunna na babbar rankwafawa. Lotsewa ta fi wannan wuyar sha'ani. Koiter ya nuna a 1945 cewa ɗan lahani a siffar bututu siriri da aka danne ta tsawonsa yana rage nauyin da zai ɗauka ƙwarai, kuma a gwaje-gwaje an sha ganin irin waɗannan bututun sun lotse ƙasa da rabin abin da ƙa'ida ta ce. Shi ya sa hukumar NASA ta Amurka ta fitar da ma'aunan rage amsar ƙa'ida a kundinta mai lamba SP-8007 tun 1965. Ka ɗauki siffar lotsewa ta farko da manhaja ta ba ka, ka dasa ta a jikin zanen a matsayin lahani gwargwadon abin da masana'anta ke iya bari, ka sake lissafin da girman lahani biyu ko uku, sannan ka rubuta mafi ƙanƙantar amsa tare da girman lahanin da ya haife ta.