Yadda za ka nemi bayanin gwamnati kan shirin dusashe hasken rana

Shirin shi ne a fesa hayaƙin farar wuta kimanin kilomita 20 a sama, domin ya mayar da wani kaso na hasken rana, zafin duniya ya ragu. An ɗauko dabarar daga aman dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, wanda ya sauke zafin duniya da kusan rabin digiri na wajen shekara biyu. Inda abin ya taɓa manomin gero a Kebbi shi ne damina: nazarin masana ya nuna in feshin ya fi yawa a arewacin duniya, ruwan Sahel na iya ja baya zuwa kudu. In kuma aka fara aka tsaya kwatsam, zafin da aka danne zai dawo da sauri. Don haka ya wajaba mu san matsayar da ake ɗauka da sunanmu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambaya ba tare da faɗin dalili ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta shafi jihohi, wato har Ma'aikatar Muhalli da ke Birnin Kebbi. Amma takardun wannan batu sun fi kusa da Abuja: Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, da hukumar hasashen yanayi NiMet. Kowacce ka rubuta mata wasiƙarta daban, da sunan babban sakatare ko shugabanta.

Takarda za ka nema, ba ra'ayi ba. Nan mafi yawan buƙatu suke mutuwa. In ka rubuta "me gwamnati ke tunani?" za a amsa maka da layi biyu marasa amfani. Ka ce kana son kwafin matsayar da wakilan Najeriya suka kai taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a Fabrairun 2024, inda aka janye ƙudurin Suwizalan kan batun. Ka nemi duk wasiƙar da wani kamfani ko jami'a ya aiko yana neman izinin gwaji, da duk nazarin illar shirin ga damina. Ka sa iyakar shekaru, misali 2020 zuwa yau. Ka fayyace ba zancen fesa gajimare don a yi ruwa kake ba, domin ana yawan haɗa su.

Ka buga kwafi biyu. A buga wa naka hatimi da kwanan wata a ofishin karɓar wasiƙu, domin daga ranar ake ƙirga kwana 7 na amsa, kuma hatimin ne zai zame maka hujja a kotu. Suna iya ƙara kwana 7 in takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. Kuɗin kwafi kaɗai za ka biya. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya nema a madadinsa.

In suka ƙi, dole su rubuta dalili. Wanda za ka fi tsammani shi ne cewa batun hulɗar ƙasashen waje ne. Ka tuna musu dokar ta ce a saki bayanin in amfanin jama'a ya rinjayi illar. Shiru ma ƙi ne. Kana da kwana 30 ka shigar da ƙara a Babbar Kotu, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000.