Yadda muke haɗa asusun haya a Bolari

A layinmu, asusun haya ne ke hana a watso wa magidanci kaya waje. Ku fara da mutum goma da kuka san juna, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kada kuɗin su kwana a aljihun kowa. Ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, mai unguwa ya zama shaida.

Ba adashi ba ne, ba a kwasa bi da bi. Wanda aka ba notis ake fara dubawa, sai uwar marayu. Rance ne marar ruwa, a biya a hankali. Ku kai wa mai gidan kuɗin da kanku, ku karɓo rasit. Ni dai ban yarda a damƙa wa ɗan haya a hannu ba, cefane zai cinye su.