Yadda ake auna furotin a samfurin ƙarin ƙwaƙwalwa a zafin Maraɗi

Ɗalibin da zai auna furotin a cikin ƙarin ƙwaƙwalwa yakan ɗauka cewa wahalar tana wurin na'ura, alhali mafi yawan samfurori tun kafin su isa teburin gwaji suke lalacewa. Da zarar likitan tiyata ya yanko tsokar, sinadaran da ke cikinta masu narkar da furotin suna fara cin ta, kuma a Maraɗi, inda zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, wannan ɓarna ba ta jiran kowa.

Kafin komai, sai an sami yardar mara lafiya ko waliyyinsa a rubuce, a kuma sa lamba a kwalbar maimakon suna. Ana raba tsokar biyu. Kashi na farko, wanda shi ne haƙƙin mara lafiya, yana shiga ruwan fomalin domin likitan da zai tantance irin ƙarin. Abin da ya rage ne na bincike. Wannan ragowar kada ta taɓa fomalin, domin yana ɗaure furotin da juna har ya yi wuyar fitarwa. A daskarar da ita cikin minti 30, a ruwan naitirojin idan akwai, sannan a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. A nemi likitan ya nuna gefen da ke da rai, saboda tsakiyar giliyobilastoma, mafi muni cikin ƙarin ƙwaƙwalwar manya, sau da yawa matacciyar tsoka ce mai laushi da launin toka, kuma wanda ya auna ta ya auna ruɓa ne.

Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji da sassafe bayan wuta ta ɗauke cikin dare, na tarar da ruwa yana ɗiga daga ƙofar firiza, ƴan kwalaben da muka tara wata da watanni suna iyo a ƙasan akwatin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka ba da yardarsu suna kwance a gadon asibiti. Tun daga ranar nake yanka kowane samfur ƙanana-ƙanana in raba shi a firiza biyu, kuma ba na fara aiki sai na tabbatar akwai mai a janareta. Wanda zai aika samfur Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 600, ya nemi busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon dayoksaid, domin ƙanƙarar kasuwa ba za ta riƙe shi a daskare ba.

Ranar aiki, a jera komai a kan ƙanƙara. A niƙa guntun tsoka a cikin ruwan RIPA, wato ruwa mai sabulu da ke fasa ƙwayoyin tsoka ya fitar da furotin, wanda aka zuba wa maganin hana narkewar furotin a lokacin da za a yi amfani da shi, a bar shi minti 30 cikin sanyi, sannan a wulwula a na'ura minti 15 a digiri 4. Ƙwaƙwalwa tana da kitse sosai, don haka za a ga farin maiƙo a sama da dusa a ƙasa. Ruwan tsakiya ake zuƙa a hankali. A auna yawan furotin da hanyar BCA, gwajin da launin ruwa ke nuna yawan furotin, wadda ta fi hanyar Bradford ta 1976 jure sabulun da ke cikin RIPA.

Sauran aikin shi ne westan bulot, hanyar da ke fito da furotin ɗin da ake nema a matsayin layi a hoto, wanda Harry Towbin da abokan aikinsa suka bayyana a birnin Bazel a 1979, bisa jel ɗin da Ulrich Laemmli ya tsara a 1970. A dafa samfurin minti 5 a digiri 95, a ɗura maikurogiram 20 zuwa 30 a kowane ramin jel ɗin, a saki lantarki ya raba furotin gwargwadon nauyi, a kwashe su zuwa takardar naitiroselulos. A jiƙa takardar awa ɗaya a garin madara mara kitse, giram 5 cikin mililita 100, sai dai idan furotin mai ɗauke da fosfet ake nema, to a koma BSA, wato furotin da ake samu daga jinin shanu, domin madara tana da irin wannan furotin a jikinta. Antibodi na farko, wato sinadarin da ke manne wa furotin ɗin da ake nema, ya kwana a kan takardar a digiri 4, a wanke sau uku, a sa na biyu, mai manne wa na farko ya bayyana shi, awa ɗaya. A lokacin hunturu a rufe kwanon, a sa safar hannu, domin ƙura tana barin baƙin tabo a hoton.

Wajen karanta sakamako, furotin GFAP, alamar astirosait, wato ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana fitowa kusa da kilodaltan 50 (ma'aunin nauyin furotin), furotin EGFR, mai karɓar saƙon girman ƙwayoyi, kuma kusa da 170. Mutane da yawa suna daidaita layukansu da GAPDH, furotin mai aikin ƙona sukari da ake ɗauka yawansa ba ya canzawa, amma ni ban yarda da shi a nan ba, tunda ƙari yana ƙona sukari fiye da ƙima kuma hakan kan ɗaga yawan wannan furotin. Rina takardar da jan Ponceau a kwatanta jimillar furotin ya fi aminci.

Mafi nauyin abin nema shi ne sauyin ƙwayar halittar gado ta IDH1, wanda aka gano a ƙarin ƙwaƙwalwa a 2008, kuma a kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara sosai a rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa da ta fitar a 2021. Antibodin da aka fi amfani da shi nau'in sauyin da ake kira R132H kaɗai yake kamawa, wato kusan tara cikin goma na sauye-sauyen IDH a giliyoma, rukunin ƙarin da giliyobilastoma ke ciki, saboda haka rashin ganin layi ba ya nufin samfurin ba shi da sauyin, musamman idan mara lafiyan bai kai shekara 55 ba; sai a adana guntu ɗaya a daskare domin karanta jerin DNA. A maimaita kowane gwaji sau uku, kowane karo da samfurin da aka san yana ɗauke da furotin ɗin da ake nema a ramin da ke gefe.