Yadda za ka bi tarihin baron ɗin Ingila na zamanin da, mu gwada da Wiliyam Mashal

'Yan uwa, yawancin mu nan Makka da Jidda da ɗaliban Madina ta ƙofar Salahuddin muke shiga tarihin Turawan wancan zamani, mun san Hittin mun san Akka mun san sarki Richad, amma da zarar labari ya koma can ƙasarsu sai a rikice, sunaye iri ɗaya, wannan Henri wancan Henri, yau mutum yana yaƙar sarki gobe shi ne na hannun damansa. Wanda ke son ya haɗa darasi ko ya yi wa 'yan gurup bayani da murya ko ya ɗora bidiyo a YouTube da Hausa, ga hanyar da nake ganin ta fi fitar da mutum. Baron shi ne babban hakimi da ke riƙe ƙasa daga hannun sarki kai tsaye, a madadin haka yana kawo barade idan yaƙi ya tashi. Don haka ƙasa za ka bi da mubaya'a, wa ya ba shi, wa ya yi wa rantsuwa, ina ƙasar ta tafi bayan ya mutu. Yaƙe-yaƙen duk a kan wannan suke ratayuwa. Zan yi misali da Wiliyam Mashal don shi ne labarinsa ya fi cika, in za ka nema a Google ka rubuta William Marshal.

Abu na farko ka tambaya, shi ɗa na nawa ne a gidan? Kar ka raina wannan tambayar. A tsakanin manyan Ingila ɗan fari ne ke kwashe ƙasar uba, ƙanne sai dai su nemi na kansu, ko coci ko doki da takobi. An haifi Wiliyam wajen 1146 ko 1147, ubansa Jon Mashal ƙaramin baron ne, uwarsa Sibil kuma 'yar uwar Patrik hakimin Salisbury ce, akwai yayye a gabansa saboda haka ba shi da gadon da zai zauna jira. Da ka san wannan ka gane dalilin da ya sa ya kwashe shekara ashirin da ɗoriya yana yi wa gidajen manya barance.

Ka kuma duba wane rikici aka haife shi a ciki. Lokacin ana yaƙin basasa tsakanin sarki Istifan da Matilda, 'yar sarkin da ya gabace shi, a kan gadon sarauta, a 1152 Istifan ya yi wa gidan ganuwa na Newbury ƙawanya, uban Wiliyam ya nemi a tsagaita ya ba da yaron a matsayin jingina, sai ya yi amfani da tsagaitawar ya ƙara mayaƙa da abinci. Aka aika masa za a rataye ɗansa, wai ya ce guduma da maƙera suna nan zai ƙera waɗanda suka fi shi. Istifan bai kashe yaron ba. In za ka ba da wannan labarin ka ce "an ruwaito", dalilin zai zo a ƙasa.

Na biyu, gidan wa aka kai shi riƙo? Ba a gidan uba ake koyon yaƙi ba, tura yaro ake yi gidan wani babba na dangi. Shi an kai shi Nomandi, arewacin Faransa, gidan Wiliyam na Tankabil, a can ya koyi hawa da mashi da sulke da ladabin fada har aka ɗaura masa takobin barde a 1166. Nan ka tuna wa masu sauraro cewa waɗannan manyan Faransanci suke yi, kuma sarkin Ingila na lokacin, Henri na Biyu, ƙasarsa a Faransa ta fi ta Ingila faɗi, in ba ka faɗi haka ba mutane za su yi ta mamakin me ya kai baron ɗin Ingila yake ta yaƙi a Faransa.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka jera iyayen gidansa ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu, wannan jerin shi ne ƙashin bayan aikin. A 1168 yana tare da kawunsa Patrik suna rakiyar sarauniya Elino, matar Henri na Biyu, a yankin Poitou na Faransa, 'yan gidan Lusinyan suka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe kawun, shi kuma aka soke shi a cinya aka kama shi. Elino ce ta biya fansarsa. Wannan gidan na Lusinyan shi ne gidan su Guy, sarkin Kudus ɗin da Salahuddin ya kama a Hittin a 1187, wato 583 bayan Hijira, ka ga inda za ka kamo hankalin mutanenmu ke nan, kar ka wuce shi da sauri. A 1170 aka ba shi aikin koya wa Henri Ƙarami yaƙi, ɗan sarkin da aka naɗa tun ubansa na raye, ya zauna da shi har da lokacin da yaron ya yi wa ubansa tawaye. Bayan shi sai Henri na Biyu, sai ɗansa Richad, sai sarki Jon ƙanen Richad, sai Henri na Uku ɗan Jon.

Wajen da ake yawan kuskure shi ne gasar barade. Fina-finai sun sa mutane na zaton mutum biyu ne ke karo da mashi a gaban 'yan kallo, a zamanin Wiliyam ba haka ba ne, rundunoni ne ke haɗuwa a fili mai faɗin gaske tsakanin gari da gari kamar yaƙin gaske, manufar ba kisa ba ce, ka kama barde ka karɓe dokinsa da sulkensa ka sa masa kuɗin fansa. Sana'a ce. An ruwaito shi da abokin haɗin gwiwarsa Roja sun kama barade 103 a cikin wata 10, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya ce ya kama kamar 500. Akwai ranar da aka neme shi a ba shi kyautar gasa aka same shi a maƙera ya ɗora kai a kan uwar maƙera ana ƙoƙarin cire masa kwalkwalin da duka ya lotsa. Ka tsaya a nan ka yi bayani sosai, don ta nan ne wanda ba shi da gado yake samun kuɗi da suna da yaran da za su bi shi.

Henri Ƙarami ya mutu a 1183, ya yi alwashin zuwa Kudus bai samu ba, Wiliyam ya ɗauki alkyabbarsa ya kai can ya zauna kamar shekara biyu, ya komo kafin Hittin. A nan ka riƙe amana, ya je ne a matsayin mayaƙin kuros, wato na Salibiyya, a ƙasar da aka ƙwace daga hannun Musulmi, ka faɗi haka a fili, kuma kar ka ƙirƙira masa wata gwabzawa da Salahuddin don labari ya yi daɗi. Lokacin da Richad ya taho yaƙin Akka ma Wiliyam bai biyo shi ba, yana cikin waɗanda aka bar wa riƙon Ingila.

Sai aure, kuma wallahi a nan tarihin baron yake juyawa. Idan babban hakimi ya mutu bai bar ɗa namiji ba, 'yarsa da ƙasarta suna komawa hannun sarki, shi ke zaɓen wanda zai aure ta, da haka yake saka wa yaransa. A 1189 Henri na Biyu na gudu daga Le Mans ɗansa Richad na bin sa, Wiliyam ya juyo ya tare Richad, yana da damar kashe shi amma sai ya soke dokin. Ba a daɗe ba tsohon ya mutu Richad ya hau, kowa na jiran ramuwa, sai ya tabbatar masa da auren da uban ya yi masa alkawari, Isabel de Clare, 'yar Richad Strongbow, uwarta kuma 'yar sarkin Leinster ce a Ayalan. Ita tana wajen 17 shi ya haura 40. Da wannan auren ya samu Chepstow a bakin iyakar Wels da Leinster da Longueville a Nomandi, a 1199 kuma Jon ya naɗa shi hakimin Pembroke. Ka nemo taswira ka sa ɗigo a wuraren nan, kuma kar ka mai da Isabel suna kawai a jerin iyali, ƙasar tata ce, ita ya bar wa riƙon Leinster lokacin da sarki ya kira shi Ingila mutanen sarki suka far wa ƙasar.

Taswirar nan ce za ta warware maka rigimarsa da Jon. A 1204 sarkin Faransa Filib ya ƙwace Nomandi, duk baron ɗin da ke da ƙasa a ɓangarorin biyu dole ya zaɓa, Wiliyam ya yi wa Filib mubaya'a a kan ƙasarsa ta can don kar ya rasa ta, Jon ya fusata ya karɓi 'ya'yansa maza biyu jingina, shi kuma ya koma Ayalan ya yi shekaru yana gina Kilkenny da New Ross. Ni a ganina nan ne ya fi nuna ko shi wane ne, mutum ne mai tsare dukiyarsa da wayo, ba jarumin tatsuniya ba, amma duk da wulaƙancin bai ɗaga wa Jon takobi ba. Da sauran baron-baron suka yi tawaye suka tilasta wa Jon yarjejeniyar Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a Runnymede a watan Yuni 1215, yana ɓangaren sarki, babban ɗansa kuma yana ɓangaren 'yan tawaye. In ka ga uba da ɗa sun rabu haka a tarihin waɗannan gidajen ka tambayi kanka ko gidan na tsare ƙasarsa ne ko wa ya yi nasara.

Yaƙi kuwa kar ka lissafo su duka, ka zaɓi ɗaya ka yi masa adalci. Nasa shi ne Linkon. Jon ya mutu a Oktoba 1216 ya bar Henri na Uku ɗan shekara 9, Landan na hannun yarima Luwis na Faransa da 'yan tawayen suka gayyato, aka ba Wiliyam riƙon ƙwarya yana wajen shekara 70. Dabarar farko ba ta takobi ba ce, sake fitar da Magna Carta ya yi da sunan yaron don 'yan tawaye su rasa hujja. Ranar 20 ga Mayu 1217 ya shiga Linkon da kansa a gaban runduna, aka fatattaki Faransawa a cikin lungunan garin aka kama manyan 'yan tawaye da yawa, a watan Agusta aka karya jiragen da ke kawo musu gudummawa kusa da Sandwich, a Satumba Luwis ya yi sulhu ya fita. Ka faɗi waye da waye, me kowa ke nema, me ya sauya washegari, ya wadatar.

Toh daga ina duk wannan ya fito? Mafi yawansa daga wata doguwar waƙar Faransanci ce mai baiti sama da 19,000 da babban ɗansa ya sa aka rubuta bayan mutuwarsa, wanda ya ba da labarai da yawa a ciki kuma yaron Wiliyam ɗin ne Jon na Earley. Ka ɗauke ta kamar kirarin da maroƙin gida ya yi, akwai gaskiya da yawa a ciki amma gidan ne suka biya, abin kunya sai a rufe ko a gyara masa fuska. Don haka ka raba abu biyu, naɗi da aure da ƙasa da bashi suna cikin takardun baitulmalin sarki da takardun kyautar ƙasa, waɗannan ka faɗe su kai tsaye, maganganun da aka sa a bakin mutane kuwa irin na guduma da maƙera ka jingina su ga mai ruwaya, mu da muka taso da ilimin isnadi wannan ba zai yi mana wuya ba. Ka riƙa haɗa shekarun da na Hijira don mutanen nan da shi suke lissafi, ya mutu 14 ga Mayu 1219 a Caversham, wato 616, daidai lokacin da mayaƙan kuros ke yi wa Dimyat ƙawanya a Masar. Kafin ya cika ya shiga ƙungiyar baraden kuros ta Templar, kabarinsa na cocinsu a Landan.

Kar ka rufe da mutuwarsa, ka bi ƙasar. Ya bar 'ya'ya goma, maza biyar mata biyar. Mazan sun gaji juna ɗaya bayan ɗaya, Wiliyam ƙarami ya auri ƙanwar sarki Henri na Uku ya mutu a 1231, Richad ya yi tawaye ya mutu da raunin yaƙi a Ayalan a 1234, Gilbat ya mutu a gasar barade a 1241, Walta da Ansel duk a ƙarshen 1245, babu wanda ya bar magaji na aure. Sai aka raba ƙasar tsakanin 'yan matan da zuriyarsu, muƙamin Mashal kuma, wato sarautar fada da gidan ya samo sunansa daga ita, ya bi babbarsu Maud zuwa gidan Bigod na Norfolk. Ka zana bishiyar iyalin da matan a ciki da gidajen da suka aura, in ka ga dama baron ɗinka na gaba ka ɗauko shi daga ɗaya daga cikin waɗannan gidajen, rabin sunayen ka riga ka san su.